Salansar Da Ta Sha Man Shanu

Ba zan taɓa mantawa da daminar da muka yi ni da wani babur a ɗaki ɗaya a Gusau ba, ko da na so in manta, don mutanen ƙauyenmu Kekun Waje ba za su bar ni ba. Abin ya faru ne tun jirgin ƙasa bai ƙaraso Gusau ba, ana dai ta saran daji ana shimfiɗa masa ƙarfe. A lokacin in ka ce babur sai ka tsaya ka yi bayani da hannu. Ni kaina kafin in gan shi da idona a Ikko na ɗauka ƙarya ce irin ta fatake (kuma na san ƙaryar fatake, da ita na ci abinci shekara da shekaru).

Bari in fara gaya muku yadda aka yi na zama mutumin da ba shi da abokin hira sai ƙarfe. Ina saurayi na bi ayarin masu goro na bar gida, da niyyar in dawo kafin girbi na gaba. Daga Gwanja sai Kumasi, daga Kumasi sai Ikko, daga can sai haƙar kuza a Jos, kowane gari in ce daga nan sai gida. Ranar da na dawo da gaske furfura ta fara leƙowa a gemuna. Inna ta daɗe da rasuwa, ɗakinta ya zama wurin ɗaure awaki, gonar babana kuwa ta narke cikin gonakin maƙwabta, har ba wanda zai iya nuna maka inda iyakarta take. Wanda ya rage mini Kawu ne, yayan Inna, da 'ya'yansa.

Kada ku ce wulaƙanta ni suka yi. Da ma wulaƙancin ne, da na san inda zan kama. Karrama ni suka yi. Aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma a zaure ni kaɗai, aka kawo mini akushina daban da cinyar kaza a sama. Kawu da mazan gidan suna waje gindin tsamiya, hannunsu cikin akushi ɗaya, ina jiyo dariyarsu. Da na fito sai a yi shiru, kowa ya gyara zama. Kawun da ya sha murɗe mini kunne ina yaro, shi ne yake ce mini Malam.

Wadda ta fi yi mini ciwo Hajo ce, babbar 'yarsa, taubashiyata. Muna yara ba ta taɓa kiran sunana ba, bawanta take ce mini, ta ƙwace mini gyaɗa a hannu, ta ce kaina kamar gora. Na yi tafiyar duniya ina tanadin amsar da zan ba ta. Sai ga ta ta zo da jika goye, ta durƙusa can bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai ta ce Malam an zaka lahiya, ya hanya. Na riƙe amsata a baki har ta huce. Ban daɗe ba na ce ina da aiki a Gusau, suka rako ni har bayan gari cikin ladabi, na tafi neman aikin da na ce ina da shi.

Allah ya sa na samu, wurin wani Bature mai sayen auduga. Mutanen kasuwa sun sa masa suna Mai Atishawa, don ƙurar auduga ba ta yi masa, ga shi kuma ita ce sana'arsa. Yana da babur da yake zaga kasuwanni da shi, Tsafe, Bilbis, Wanke, duk inda ake awon auduga. Da ya ji na zauna Ikko sai ya ɗauka na san inji, ni kuma ban ga dalilin ɓata masa rai ba. Aikina in goge, in tura masa in ya ƙi tashi, in kwana da shi a wani sito mai rufin kwano bayan kantinsa.

Da auduga ta ƙare, hadari ya fara haɗuwa, sai ya ce zai tafi ƙasarsu hutu, sai kaka. Ya durƙusa da ni gefen babur ya nuna mini salansa, wato dogon bututun nan da hayaƙi ke fita ta cikinsa. Da Hausarsa mai karyayyen ƙugu ya ce nan ne tsatsa take fara ci. Kada ruwa ya taɓa ta, in ya taɓa a share. A shafa mata baƙin mai kaɗan ta waje. Abin da ya fi nanatawa shi ne in riƙa tayar da injin lokaci-lokaci, in bar shi ya yi ta kuka har sai salansar ta yi zafin da in ka tofa yawu zai yi cuu, don wai ruwa yana taruwa a cikinta da kansa kamar raɓa, zafin ne ke busar da shi. Na yi ta gyaɗa kai. A zuciyata kuwa cewa nake, wannan bawan Allah da ko fartanya bai taɓa riƙewa ba, shi zai gaya mini halin ƙarfe da damina?

Sau ɗaya na tayar da shi. Rufin kwanon ya ɗauki ƙara kamar za a tsaga garin, wani tsoho maƙwabcina ya zo ya tsaya bakin ƙofa yana salati, ya ce kajin matarsa sun watse. Amma ba tsohon ne ya hana ni sakewa ba. Shirun da ya biyo bayan na kashe shi ne. Ban taɓa sanin ɗakin nan ba kowa ba sai da ƙarar ta ɗauke.

Wanda bai taɓa yin damina ba gona ba, ba zai gane ba. Da asuba gari yake tashi gaba ɗaya, maza da fartanya a kafaɗa, mata daga baya da ƙwaryar fura. Kafin hantsi ba ka ganin kowa sai tsofaffi, da awaki, da ni. In an dawo da yamma hirar duk ta gero ce, wa ya gama noman farko, gonar wa ciyawa ta cinye. In na sa baki da labarin teku sai a saurara cikin ladabi, a ce ikon Allah, a koma kan gero. Sai in dawo sito in zauna bakin ƙofa ina kallon ruwa na zuba daga kwano. Ban san ranar da na fara yi wa babur magana ba. Na dai tsinci kaina ina ba shi labarin kasuwar Kumasi (kuma ku ba shi haƙƙinsa, bai taɓa ce mini na ƙara gishiri ba).

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na duƙa zan goge shi sai na ga ɗigo-ɗigon ja a jikin salansa, kamar ƙuraje a goshin jinjiri. Na dafe kai. Ba tsoron Bature ba ne kaɗai, ji na yi kamar wani nawa ne ya kwanta ciwo. Baƙin man da aka bar mini kuwa na riga na gama da shi a ƙyauren sito da ke kuka.

Nan take Kawu ya faɗo mini a rai. A zamanin da ake kai hari ƙauyuka shi mai takobi ne, bayan an daina ma bai rabu da shi ba. Duk farkon damina zai zauna gindin rumbu ya zaro shi, ya lakato man shanu ya bi shi da shi tun daga ƙota har tsini, ya mayar kube, ni ina tsugune ina riƙe masa ƙoƙon. Takobin nan ban taɓa ganin ɗigon tsatsa a jikinsa ba. Na ce to, ƙarfe dai ƙarfe ne, na Bature bai fi na Kawu ba.

Akwai wata Bafulatana, Dudu, da take biyowa ta bayan kanti da nono. Ita kaɗai ce a garin nan take tsayawa ta yi mini magana ba don dole ba. Na sayi curin man shanu a wurinta, irin wanda ake tsamowa daga cikin nono yana ɗiga, na murza wa salansa. Ta yi ƙyalli, jan nan ya ɓace. Na ja da baya ina kallo, na ji ni wani ne.

Da na tsaya nan da ba ku ji labarina ba. Amma mutumin da ba shi da aiki, kansa ne gonarsa, komai ya faɗa sai ya tsiro. Na ce in waje ya yi ƙuraje, ina ga ciki, inda Baturen da kansa ya ce ruwa na kwana? Na naɗe tsumma a kan kara na tura mai ciki. Na ga karan bai kai ƙarshe ba, sai na fara tura curin gaba ɗaya ina danna shi da karan, yau ɗaya, jibi ɗaya, yadda ake ɗura wa maras lafiya kunu. Ita kuwa tana karɓa, ba ta taɓa cewa ta ƙoshi ba.

Ana nan sai na kama zanzaro yana shiga bakin bututun da laka, ya samu gidan da ya fi na kowa maiƙo. Na kore shi, na samo totuwar masara na shafe ta da mai na toshe bakin tam. Sannan na ce ai takobi ba ya zama ba kube. Na je wurin wani baduku da awon salansa a igiya, na ce ya ɗinka mini na jar fata, har da tuntu. Ya juya igiyar ya tambaye ni wane irin takobi ne wannan mai ƙibar taɓarya. Na ce irin na mutanen Ikko ne, bai san shi ba.

Dudu ta ga man da nake saye ya wuce cikin mutum ɗaya. Ranar nan ta sauke ƙwarya ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Malam, amarya ka yi ba ka gaya muna ba?"

Na yi murmushi, ban ce i ba, ban ce a'a ba. Ku yafe mini, daɗi na ji a ce wani a garin nan yana zaton akwai mai jirana a ɗaki. Daga ranar duk ta zo sai ta ce a gai da amarya, in ce za ta ji. Kuma ina shiga in isar da gaisuwar, don ni ba na cin amanar saƙo.

Da damina ta yi nisa ɗakin ya fara wani irin wari, tsami-tsami, kamar ƙwaryar da aka manta a bayan ɗaki. Tururuwa ta yi hanya tun daga bakin ƙofa, na zagaye ƙafafun babur da toka. Warin kuwa na saba da shi har na daina ji. Tayar da inji ko a mafarki, don na lissafa zafi zai ƙone mini man da na sha wahalar ɗurawa.

Gero ya nuna, aka fara yanka, sai ga saƙo daga Kekun Waje ta bakin wani mai jakai. Kawu zai aurar da autansa, ya ce in Malam ya samu sarari. In Malam ya samu sarari! Ni da sarari ya yi mini yawa har ina hira da ƙarfe. Na zauna na yi tunani irin nawa. Na ce mutanen nan ba su san abin da za su yi da ni ba ne, don na dawo hannu biyu, ba gona, ba mata, sai surutu. Amma in na zo da abin da ba su taɓa gani ba, dole su matso. Za su kewaye ni, su taɓa, su yi tambaya, wani ya ce ƙarya nake, daga nan sai hira, daga hira sai akushi. Abin da nake so ke nan duk duniya, in sa hannu inda suke sawa.

Saura matsala guda ƙarama. Ban iya hawa ba. Mutumin da ya taka ƙasa tun daga nan har bakin teku, duk a ƙafa ya yi ta, ko bayan jaki, ko a tsugune cikin taragon jirgi. Na iya tayarwa, na iya kashewa, tsakaninsu kuwa sai Bature. Sai na ce ai cewa ya yi in tayar da shi ya yi zafi, bai faɗi a wane gari ba. Na ɗaura wa salansa kubenta, na kama ƙahonnin babur, na fara turawa.

Kada Allah ya sa maƙiyinku ya tura babur a yashin hanyar Bungudu. Abin da yake gudu kamar iska in Bature na kai, a hannuna ya zama gawar raƙumi. Masu ɗaukar dammunan gero suna kaucewa suna tambaya me ya sa ban hau ba, in ce hutawa yake, jiya ya yi tafiya mai nisa. Wani dattijo a kan jaki ya wuce ni, ya dawo, ya ce ko a ɗaura wa jakinsa ya ja mini. Na gode masa. Ya ce to Allah ya ba dokin nawa lafiya, ya yi gaba. A Bungudu na kwana, washegari na ci gaba, rana ta buɗe sosai irin ta kaka. Ina turawa ina jin wani abu na motsi ɓalam-ɓalam ta ƙasa, na ce fetur ne. Da na hango tsamiyar ƙofar gidan Kawu sai na tsaya bayan wata kuka, na share gumi, na sa rigata ta Ikko, na shigo a hankali kamar yanzu na sauka.

Sun taru kam, amma ba yadda na tsara ba. Makaɗi ya tsaya da kiɗa. Mutane suka yi da'ira, irin wadda ake yi wa mai wasa da kura, kowa ya bar fili tsakaninsa da ni. Ba wanda ya taɓa, ba wanda ya ce ƙarya ne. Aka ruga aka ɗauko sabuwar tabarma, wannan karon ma ba a zaure ba, can gefe ƙarƙashin wata bishiya ni da babur ɗina. Na ji wani yana raɗa wa ɗan'uwansa cewa ai yanzu mutumin Nasara ne. Ashe turo kaina na yi tun daga Gusau don in ƙara nisa da su. Na zauna kan tabarmar, kafaɗuna na zogi, na dubi babur, shi ma kamar ya dube ni.

Can sai ga Kawu ya taso gaishe ni, cikin sabuwar farar riga da aka ɗinka don bikin, ta sha bugu tana ɗaukar ido, ga rawani fari sol. Ya fara Malam an zaka lahiya, sai idonsa ya sauka kan jar fatar nan mai tuntu. Ya tsaya. Ya ce wannan kuma mi ne ne, kamar kube. Na ce kube ne, Kawu. Na gaya masa yadda tsatsa ta kama ƙarfen da damina, na tuna yadda yake yi wa takobinsa gindin rumbu, na yi wa wannan ƙarfen daidai yadda ya koya mini.

Sai na ga fuskar tsohon nan ta saki. Ya dube ni, ni ɗin dai, ba rigar Ikko ba, ya ce, "Ashe ba ka mance ba."

Bai ce Malam ba. Wallahi da a lokacin na yi shiru na bar maganar ta zauna, da ya wadatar. Amma daɗi ya kwashe ni, na ce bari ma ya ji muryarsa. Na miƙe na kafa babur a kan ƙafarsa ta tsayuwa, na zare kube na miƙa wa Kawu. Na leƙa bakin salansa ban ga totuwa ba, na ce ta faɗi a hanya (ta ina za ta faɗi, kube na rufe da bakin? Wannan tambayar sai da na kai Bungudu a hanyar komawa ta zo mini). Ashe rana ta narkar da man, totuwa ta sulale ta shige ciki, ta tsaya tana jira.

Na taka ƙarfen tayarwa. Ya yi tari ya yi shiru. Na sake, ya yi wani gurnani can ciki kamar mai ciwon ciki. Mutane suka ƙara ja da baya, Kawu kuwa tsohon mayaƙi ne, ba a san shi da ja da baya ba. Ya tattare rigarsa ya tsuguna daidai bakin bututun, ya ce yana so ya ga ta inda muryar take fitowa. Na hango Hajo ta fito daga gida da akushina na baƙo a hannu, an rufe da faifai. Na ce yau za ta san bawanta ya zama mutum. Na tattara duk ƙarfin da ya rage mini na haye ƙarfen nan da ƙafa.

Na ji harbin bindiga a wurare da dama, ban taɓa jin irin wannan ba. Totuwa ta fito ta ɗauke rawanin Kawu ta kai shi kan darni. Bayanta kuma duk man da na ɗura tun farkon damina ya biyo, narkakke, ruɓaɓɓe, ya haɗu da baƙin hayaƙin da ya shekara a ciki. Injin ya kama, yana ta feshi fat-fat-fat, Kawu na zaune daɓas a ƙasa yana karɓa. Jakunan 'yan biki suka tsinke igiya. Makaɗi ya bar gangarsa ya haye katanga. Ni kuwa da na ce na iya kashewa, na tsaya ina murɗa duk abin da hannuna ya taɓa, yana ƙara kuka, hayaƙi ya turnuƙe wurin da ƙaurin suya irin wadda ba a so. Sai da ya ga dama ya mutu don kansa.

Shirun sito da nake ba ku labari wasa ne a kan wannan. Kawu baƙi ƙirin tun daga ƙoƙon kai har gwiwa, ba abin da ke fari sai idanu, gemunsa na ɗiga. Akushina yana kife a ƙasa inda Hajo ta sake shi, karnukan unguwa sun riga sun iso, wasu kan tuwon, wasu suna lasar salansa. Na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba. Na ce shi ke nan, ko tabarmar baƙon ma na rasa.

Kawu ya sa yatsa ya shafo gemunsa, ya kai hanci ya sunsuna. Ya daɗe yana sunsunawa. Sannan ya ɗago ya ce, "Ɗanye ka sa?"

Na ce ɗanye ne, Kawu.

"Haka ka ga ina yi? Man da ba a soya ba, da ruwan nono cikinai, shi za ka ba ƙarhe? Kai da ka riƙa ƙoƙon da hannunka! Tun kana yaro ido gare ka, ba ka gani."

Yana faɗa yana nuna ni da kuben, tuntu na rawa. Ni kuwa na sunkuyar da kai, amma wani abu na narkewa a ƙirjina, don rabon da wani ya yi mini faɗa irin na gida tun Inna na da rai. Sai na ji murya daga bayana, ba ladabi a cikinta ko kaɗan.

"Ku bar shi, Baba," in ji Hajo. "Bawana ne, na san kayana. An kai gora har teku, an dawo da ita ba komi ciki."

Wani ya fashe da dariya, sai wurin ya ɗauka. Mata na riƙe ciki a bakin zaure, ango har da zama ƙasa, makaɗi ya leƙo ta kan katanga yana tambaya ko an mutu. Amsar nan da na yi tafiyar duniya ina tanada wa Hajo, na neme ta sama da ƙasa na rasa.

Da aka zo cin abinci aka yi cirko-cirko, don tuwon baƙo yana cikin karnuka, ba a kuma tanadi wani ba. Kawu ya wanko fuska ya sa tsohuwar rigarsa ta gona, kunnuwansa har yanzu da baƙi. Ya ce ba za a sake ɓata kaza kan wanga ba, ya taho nan ya ci abin da mutane ke ci. Na tsuguna gindin tsamiya tsakanin 'ya'yansa. Ɗaya ya ture mini hannu ya ce gabana zan ci, wani ya ɗauke naman da ya gangaro wajena ya ce ai ni na ƙoshi da mai. Tuwon dawa ne da miyar kuka, ya ɗan huce ma. Na ci abinci a garuruwa da yawa, ban taɓa sa hannu a wanda ya kai shi ba.

Washegari ni aka ba rigar in wanke a rafi. Na yi da toka, na yi da sabulun salo, ta ƙi. Kawu bai yar da ita ba, ya adana ta kusa da takobinsa, duk baƙon da ya zo sai an ɗauko an nuna masa.

Na turo babur na dawo Gusau. Da Mai Atishawa ya iso, tun daga bakin sito ya fara sana'arsa ta atishawa. Ya durƙusa ya shafa salansa, sama lafiya lau tana ƙyalli. Ya sa babban yatsa ya danna ta ƙasa, yatsan ya shige. Ruwan da na kulle a ciki da totuwa, da tsamin nono, sun cinye ta daga ciki ta zama kamar ganyen da tsutsa ta bi. Ya tambaye ni me na ba ta. Na gaya masa. Ya daɗe yana kallona, bai yi faɗa ba, shi ma irin ladabin nan ya yi mini. Aka kai wa maƙeri ya yi mata faci, aka kuma samo wani mai gadin. Ranar da zan bar siton na tsaya na yi wa babur sallama, na ce ya yafe mini. Dudu kuwa da ta tambayi amarya, na ce mun rabu, danginta sun ɗauke ta. Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Gona dai ban samu ba, na sake ɗaukar sandata na bi hanya, har yau a kanta nake, yawanci ni kaɗai nake cin tuwona a zauren mutane. Kawu ya riga mu gidan gaskiya. Amma duk shekarar da ƙafa ta kai ni Kekun Waje, tun ban kai rijiya ba wani zai hango ni ya ce ga Totuwa nan tahe, Hajo ta leƙo ba haƙori a bakinta ta ce a ɓoye man shanu. Ba wanda ke tashi neman sabuwar tabarma.

Yanzu babura sun fara yawa, nakan ga samari suna goge su, in tsaya in ba su shawara kyauta. Salansa ba takobi ba ce. A share ta ta bushe, a shafa mai kaɗan ta waje, a bar bakinta a buɗe, a riƙa tayar da ita tana yin zafi, don wadda aka toshe aka ajiye shiru ta ciki take ruɓewa tana ƙyalli a waje. In kuwa za ka taka, ka fara duba wa ke tsugune a baya. Sai dai in kawunka ne, kuma ya daɗe yana ce maka Malam.